Bargon lantarki don tsohuwa a ƙauye: abin da na gani a hunturu uku

Ɗan'uwa, ka yi tambaya ko bargon nan mai ɗumi da wuta zai amfani Hajiyarku a ƙauye, tunda sanyi na hana ta barci, wutar garinku kuma ba ta da tabbas. Allah Ya saka maka da alheri. Ni ma don Innata na saya, bana hunturu na uku ke nan tana amfani da shi a ƙauyenmu, gefen Ringim, bakin fadama, inda sanyin Janairu ke ratsa ƙashi.

Jikin mutum yake ɗumamawa, ɗakin yana nan da sanyinsa. Ƙarami na saya, wanda ake yafawa. Da asuba idan Inna ta yi alwala ta idar da salla, takan zauna a kan darduma tana lazimi, ta lulluɓe gwiwoyinta da shi har gari ya waye. A da sai ta dafa bango take miƙewa. Yanzu ta ce gwiwar na saki da wuri.

Amma abin da ya sa na saya shi ne kasko. Kullum dare sai an zuba mata garwashi, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Da safe ta tashi da ciwon kai da jiri, muna cewa tsufa ne. Wani ma'aikacin lafiya ne ya ja kunnenmu: garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Ranar ban runtsa ba. Ko ba ka sayi bargon ba, don Allah a daina kwana da kasko a ɗaki.

Maganar wuta kuwa, ba shi da ci. Yawanci wat 100 zuwa 150 ne, alhali dutsen guga yana kai wat 1000. Ƙaramar solarmu da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) tana ɗaukarsa lafiya. Bayan isha'i ƙanwata ta shimfiɗa shi a kan gado ta kunna kamar awa ɗaya, idan Inna za ta kwanta a zare shi daga soket, a ƙara mata bargo mai kauri. Ɗumin yana kai ta tsakar dare.

Ka duba 'yar takardar da ke jikinsa kafin ka biya. Na farkon da na saya gwanjo ne, ashe na Amurka ne mai bolt 120, wutarmu kuwa 230 ce. Ina jonawa sai ƙauri, na'urar saita zafin ta ƙone a hannuna. Nemi sabo mai 220 zuwa 240, wanda yake kashe kansa bayan 'yan awoyi.

Kada a kunna shi a ninke, zafi yana taruwa wuri ɗaya. Kada a soka masa fil ko allura. Ba na jariri ba ne, ba kuma na yaro mai fitsarin kwance ba, ka san jikoki da son gadon kaka. Idan Hajiya tana da ciwon suga har ƙafarta ta fara mutuwa, a ɗumama gadon kawai a cire, don za ta iya ƙonewa ba ta ji ba. Sanyi na wucewa a naɗe shi a saka a rufaffiyar adaka, ɓeran ƙauye ba ya barin waya.

Idan gidan babu sola sam, kada ka ɓata kuɗinka. Shiga Kantin Kwari ka ɗauko mata bargo mai nauyi, ka haɗa da safa, da hular sanyi, da robar ruwan zafi da za ta sa a ƙafa. Idan akwai, gaya min girman batirinku da inbatar, in lissafa maka awa nawa zai iya ɗauka.