Hajiya ta daina saukowa daga bene: ko kujerar lantarki za ta yi mata amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyarmu shekararta 74, muna Ƙofar Ƙaura a Katsina, ɗakinta yana saman bene. Ciwon gwiwa ya sa ba ta saukowa sai an riƙe ta, makon jiya ma saura ƙiris ta faɗi. Yayanmu ya ce a sa mata kujerar lantarkin nan mai bin matakala, ni kuma ina tsoron ta ƙarasa kashe mata ƙafa. Akwai wani haɗin kemis da take sha yana rage mata ciwon.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Alamomin da nake dubawa kin riga kin faɗe su: mutum yana iya takawa a fili amma bene ya gagare shi, yana tsayawa a tsakiya ya huta, ko ya haƙura da saukowa. Irin wannan kujerar tana yi masa amfani, muddin yana iya zama ya miƙe da kansa, kuma hankalinsa na nan. Mai ruɗewar tsufa ba a ɗora shi. Ba ta kashe ƙafa idan Hajiya ta ci gaba da tattaki a tsakar gida da motsa gwiwa kullum. Da batir take tafiya, amma batirin sai da caji, kin kuma san halin wutarmu, don haka a tanadi sola. A tabbatar akwai mai gyara kafin a biya kuɗi. Mai walda kada ya ce zai ƙera muku.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗin nan. Kullum sai an kawo min tsohuwa da ƙulli a leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar ba suna, wai "na sanyin ƙashi". Idan aka bincika, sau da yawa dexamethasone ko prednisolone ne da diclofenac. Ciwo zai lafa, ba musu. Amma ana wata da watanni ana sha, ƙashi yana rarakewa, naman cinya yana narkewa, suga da hawan jini suna tashi, fuska ta kumbura 'yan gida su ce Hajiya ta murmure. Diclofenac kuma yana cin ciki da ƙoda. Sai ta ji sauƙi ta kama bene da ƙafar da ba ƙarfi, ta zame, ƙashin ƙugu ya karye. Shi mai kemis ya karɓi kuɗinsa, ba shi zai yi jinya ba. Wai har da masu yi wa tsofaffi allura a gwiwa a bayan kanti! Ku ji tsoron Allah.

Kada ku yanke mata maganin rana ɗaya, irin wannan a hankali likita yake janye shi. Ku ɗauki ledar maganin ku kai Hajiya Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Janar Amadi Rimi, a duba gwiwar, a ga likitan gashin ƙashi. Kafin nan a sauko da ɗakinta ƙasa, a sa mata masai na zama. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar, kuɗin kujerar ya tafi wajen magani.