Jirgin feda na ɗakin Baba

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna share ɗakin ajiyar mahaifinmu a Birni, Allah ya jiƙansa, sai muka tarar da ɗan jirgin sama na ƙarfe, irin wanda yaro ke shiga ya taka feda. Ya yi tsatsa, fiffike ɗaya ya lanƙwashe. In kai wa mai walda ya kankare, ya fente wa ɗana mai shekara huɗu? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ƙanena, don Allah kada samfefa ta taɓa jirgin nan tukuna.

Yayin waɗannan jirage ya tashi ne bayan 1927, da Charles Lindbergh ya tsallaka teku a jirgin sama shi kaɗai daga New York zuwa Paris. Kamfanonin Amurka suka shiga ƙera wa yara nasu, har da Murray na birnin Cleveland, mai tambarin Steelcraft. Nasu na 1941 da ake kira Pursuit, ruwan azurfa da ja, shi ne masu tara tsofaffin kaya ke rububi a kansa. An kwaikwaye shi sosai daga baya, don haka ka kifa naka ka duba ko akwai sauran tambari. A wurin mutanen nan, fentin asali, ko ya koɗe, ya fi sabo ƙal daraja. Na taɓa ganin wata motar feda da aka shafe da koren fentin ƙofa, har yau abin na ci mini rai.

Ga kuma babban dalili: tsohon fenti sau da yawa akwai dalma a cikinsa, Amurka ma sai 1978 ta hana sa shi a kayan yara. In aka kankare, ƙurar ce yaro zai shaƙa, tana kuwa taɓa ƙwaƙwalwa. Ka goge shi da tsumma da ɗan kananzir, ka sa wa gaɓoɓin giris, ka rataye shi inda damina ba za ta same shi ba. Fiffiken ka bar shi yadda yake.

Shi kuwa yaron, ƙera masa nasa. Ranar Alhamis ka leƙa Kasuwar Dole ka nemi mataccen keken yara. Feda da sarƙa da tayoyi kake so. Tayoyi biyu a gaba, ɗaya a wutsiya wadda sitiyari ke juyawa. Ka zaɓi masu faɗi, don rairayin garinmu haɗiye ƙananan tayoyi yake. Gangar jiki ta katako mara nauyi, saboda ƙarfe a ranar Afrilu sai ya ƙona cinyar yaro. Farfela kuma ka yanko ta daga tsohuwar jarka, ka ɗaura mata igiyar roba daga sandar tayoyin gaba, yana takawa tana juyawa, ko ya kai hannu ba za ta yanke shi ba.

Fiffike kada ya fi faɗin ƙofar zaurenku. Ka auna ta kafin ka je wurin kafinta.