Ɗana ya shiga karatun falsafa, an ce imaninsa zai tafi

Tambaya: Malam, ɗana yana ajin ƙarshe na lise a nan Tahoua. Tun da suka fara filo, wato darasin falsafa, komai sai ya ce "don me?" Kwanan baya ya yi gardama da kawunsa kan wata yarinya da aka kawo unguwarmu a matsayin wahaya, wato yarinyar da ake saya a ajiye ta a matsayin baiwa da ƙwarƙwara. Kawun ya ce ƙaddararta ce, kuma falsafa ce ke raba yara da imani. Hankalina a tashe yake. In hana shi?

Amsa: Hajiya, kada ki hana shi. Maganar kawun nan kullum sai na ji ta, daga iyaye, daga ɗalibai, har daga masu surutu a rediyo da ba su taɓa buɗe littafin manɗiƙi ba, kuma wallahi ta ishe ni. Mutum ya ƙulla abu da hannunsa, ya lulluɓe shi da sunan ƙaddara, sai wanda ya yi tambaya ya zama mai ja da Ubangiji. Ina aka samo wannan? In damina ta ƙi, babu wanda za a kai ƙara. Amma yarinyar da aka yi cinikinta, akwai wanda ya biya, akwai wanda ya karɓa, akwai waɗanda suka gani suka kau da kai. Rarrabe waɗannan biyun shi ne aikin da falsafa ke yi wa wanda aka zalunta, shi ya sa azzalumi ke tsoronta.

Ga misalin Hadijatou Mani, 'yar Nijar: tana da shekara 12 aka sayar da ita a matsayin wahaya a 1996. Da ta yarda cewa rabonta ke nan, da shi ke nan. Ba ta yarda ba. Ƙungiyar Timidria, mai yaƙi da bautar da mutane a Nijar, ta tsaya mata, a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Yamai ta ce ƙasar Nijar ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10.

Batun imani kuwa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a 1754, bai ce jangali da ƙwacen sarakuna ƙaddara ba ne. Lissafa su ya yi cikin ayyukan zalunci. Wa ya isa ya ce ba shi da imani?

Ki koya wa ɗanki ladabin magana gaban manya, wannan hakkinki ne. Yarinyar unguwarku kuma, tun 2003 dokar ƙasa ta mai da bautar da mutum laifi. A sanar da Timidria ko mai gabatar da ƙara na kotun Tahoua, kada a jira.