Kafin ki zuba jarinki a madafin gidan gado

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sana'ar kayan gara ce a cikin birnin Kano, ina yin alkaki da dublan da nakiya da cincin. A madafin gidan mahaifinmu marigayi nake aiki. Ginin ƙasa ne, hayaƙi ya cinye azara, da damina kuma yana yoyo. Tsakanin adashi da riba na tara naira miliyan 2 da dubu 400. Ina so in rushe shi in yi na bulo, in sa tayil da gas, amma magini ya ce kuɗin ba za su kai ba. In ci bashi in cika? Mu tara ne magada, ba a raba gidan ba tukuna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa wa nema albarka.

Abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki shi ya fi tsaya min a rai. Gidan da ba a raba ba na mutum tara ne, kowane lungu, har da murhun da kike suya a kai. Ranar da aka zauna rabo, a gida ko gaban alƙali, masu kimantawa za su yi wa gidan kuɗi ɗungurungum, da tayil ɗinki a ciki. Kasonki kuma, kin sani, rabin na ɗan'uwanki namiji ne. Wato kuɗin da kika sha hayaƙi kika tara za a raba su tara, ke ki samu ƙaramin kaso. Na ga haka ta faru da wata ƙanwar mahaifiyata. Ta gyara ɗakuna biyu a gidan gado da kuɗin ƙosai, bayan shekara uku aka sayar da gidan, da ta ɗaga maganar aka ce ai ba wanda ya sa ta. Ta kawo wata tsohuwar takardar siminti guda ɗaya da mai ya jiƙa, ita ke nan shaidarta. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa ta da yayanta.

Don haka kafin a kawo ko kwano ɗaya na yashi, ki tara 'yan'uwanki, a kira wani dattijo a dangi da mai unguwa, a rubuta a takarda cewa sun yarda ki yi gyaran, kuma abin da kika kashe bashi ne a kan gidan, za a fitar miki da shi kafin rabo. Kowa ya sa hannu. Kada kunya ta hana ki. In sun ƙi rubutawa, to kin samu amsarki ba ki yi asarar ko sisi ba.

Bashi kuwa, ban yarda ba. Bango ba ya soya alkaki. Yi lissafin da kanki: a ce gyaran ya ci miliyan 1 da dubu 500, ya kuma ƙara miki ribar dubu 50 a wata, sai kin yi wata 30 kafin kuɗinki su dawo. A duk tsawon lokacin nan da me za ki shiga Kasuwar Singa ki ɗauko fulawa da sukari da mai? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kin ga yadda farashin kaya ke yi, abin da kika sara yau ba shi za ki tarar wata mai zuwa ba. Mai kayan gara da aka kawo wa aikin biki uku a mako ɗaya ba ta da kuɗin sari, ta yi asarar kwastoma ko da madafinta na ƙyalli. Ki ware aƙalla rabin kuɗin nan su ci gaba da juyawa.

Sauran rabin ki fara da abin da ke cutar da sana'ar. Rufi na gaba da komai, a cire azarar da ta ruɓe, a gyara indararo ruwa ya daina bin bango. Sai a buɗe taga babba ta sama don hayaƙi, a yi daɓen siminti mai ɗan gangare zuwa makwarara. Kada ki bari magini ya lafta wa bangon ƙasa siminti tun daga ƙasa har sama don ya yi kyau a ido. Siminti yana kulle danshi a ciki, bayan damina biyu sai ki ji yana ƙara kamar ganga in kin ƙwanƙwasa, daga nan ya ɓantaro da ƙasar gaba ɗaya. Ki nemi maginin da ya san ginin ƙasa, har yanzu akwai su a cikin birni.

Abin da ya rage ki sa shi a kayan da za ki iya ɗauka ki tafi da su in an raba gida: murhun gas mai ƙarfi, teburin ƙarfe na murza fulawa, manyan kasko, sikeli, kantar ajiya. Tukunyar gas ta zauna a waje inda iska ke kaɗawa, a jawo tiyo, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, kuma tsofaffin madafanmu ba su da mafita ta ƙasa. In har kina da burin sa kayanki a leda da suna ki kai manyan kantuna, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, za ta zo ta ga wurin aikin, to tun yanzu ki raba inda ake girkin gida da inda kike sana'a.

Kayan aiki ki sa ɗanki ko ƙaninki ya raka magini Ƙofar Ruwa a sayo a gabansa, kowane rasit ki ɗauki hotonsa a waya. Kuɗin aiki a yi jinga, ki biya kashi uku, na ƙarshe sai an zuba bokitin ruwa a daɓen kin ga ya bi makwarara. Ki sa aikin a farkon azumi, lokacin da bukukuwa ke lafawa, a gama shi kafin masu cincin ɗin sallah su fara bugo miki waya.