Iyafis mai igiya ko na Bluetooth, wanne zan saya don amfanin yau da kullum?

Malam, kafin komai duba wayarka ko tana da ramin iyafis na milimita 3.5. Apple ya cire shi tun daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni ma suka bi sahu. Idan babu, sai ka haɗa da adafta ta USB-C (ko ta Lightning, in wayarka iPhone 14 ce ko wadda ta girme ta), kuma ka nemi mai DAC a ciki (wato 'yar na'urar da ke mayar da bayanan dijital zuwa sautin da iyafis zai iya fitarwa), don wasu wayoyin ba sa karɓar marar shi.

Na Bluetooth ya fi daɗi a hanya da wajen motsa jiki, amma batirinsa ne matsalar. Ƙananan nan na kunne sukan yi awa 4 zuwa 6 a caji ɗaya, bayan shekara 2 ko 3 batirin ya yi sanyi, kuma galibi ba a iya canza shi. Zafi yana ƙara kashe shi, kada ka bar shi a mota da rana. Sautinsa kuma yakan ɗan makara, abin da masu buga gem ke tsana.

Mai igiya ba ruwansa da caji. Inda yake mutuwa shi ne gindin fulogi, saboda yawan lanƙwasawa, sai kunne ɗaya ya ɗauke. Ka riƙa kama kan fulogin in za ka zare. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, shi zan ce ka saya.