Tambaya da Amsa: Shin farare ne mutum-mutumin Girkawa tun asali?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce da ke karatun tarihi a Zariya. Na ga hotunan mutum-mutumin Girkawan dā an shafa musu ja da shuɗi da rawaya, alhali mun saba ganinsu farare fat. Shin ƙarin gishirin 'yan zamani ne, ko kuwa akwai hujja?

Amsa: Malama, akwai hujja mai ƙarfi. Girkawa sukan shafa wa abin da suka sassaƙa launi, farin da muke gani yau kuwa aikin ruwa da iska da tsawon zamani ne, wani lokaci har da hannun masu gogewa da suka ɗauki ragowar launin a matsayin datti. Ra'ayin cewa fari shi ne cikar kyau ya samu gindin zama a Turai a ƙarni na 18, musamman ta rubuce-rubucen Bajamushen masanin tarihin zane Johann Winckelmann, wanda galibin abin da ya gani kwaikwayon da Rumawa suka yi ne.

Haƙar ƙasa ta ba da babbar shaida. Bayan Farisawa sun ƙone tudun Akrofolis na birnin Atina a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen garin sun binne mutum-mutumin da aka farfasa, kuma da aka tono su a shekarun 1880 sai aka tarar da launi a gashin 'yan matan da aka sassaƙa da gefen tufafinsu, domin ƙasa ta kare shi.

Abin da yake sabo shi ne gano launin da ido ya daina gani. Idan aka haska fitila daga gefe, zanen da fenti ya bari a jikin dutsen marmara yakan fito, saboda wurin da fenti ya daɗe bai zaizaye daidai da sauran jikin ba. Da irin wannan dabara da hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, masu bincike Jamusawa Vinzenz Brinkmann da Ulrike Koch-Brinkmann suka gano adon wandon wani maharbi da aka sassaƙa a haikalin tsibirin Aegina na Girka, suka yi kwafinsa mai launi, aka baje kolin irin waɗannan kwafi a birnin Munich a 2003. Akwai kuma launin da ake kira shuɗin Masar, wanda idan haske ya sauka a kansa yake fitar da wani haske da kyamara ta musamman kaɗai ke kamawa, ta haka aka gano shi a 2009 a jikin sassaƙen haikalin Parthenon na Atina, waɗanda ake ajiye da su a gidan tarihi a Landan.

Sai dai ina so ki yi hattara da kwafin da kika gani. Na'ura tana faɗin sinadarin da aka shafa, amma ba ta cika nuna kaurinsa ko yadda mai zanen ya sassauta shi ba, shi ya sa masana tarihin zane suke komawa ga hotunan jikin tukwane da rubutun mutanen dā, kuma har yanzu suna saɓani a kan kaifin launukan.