Yaya 'yan ƙasashen waje suke dafa nama ya yi laushi cikin minti kaɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ina sayar da abinci kusa da tasha a Jega, kuma kuɗin itace da gawayi na neman cinye mini riba, domin sai naman sa ya yi awa uku a wuta kafin ya taunu. Na ga a bidiyo 'yan Sin suna soya nama cikin minti biyar ya yi laushi. Wata maƙwabciyata ta ce ƙwayar farasitamol suke sakawa, ita ma haka take yi wa ganda da ƙafar sa. Ban gwada ba tukuna saboda tsoro, 'ya'yana ma daga tukunyar nan suke ci. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoron nan da ya hana ki gwadawa yana kan hanya, kuma ina roƙonki kada ki saka ko rabin ƙwaya.

Abin da kika gani a bidiyo ba sihiri ba ne, kuma ba irin namanki ba ne. Mai girkin Sin yakan zaɓi tsoka zalla wadda ba ta da jijiya, ya yanka ta fale-fale kamar za a yi kilishi, kuma yana yankawa ne a gicciye, ya datse zaren naman maimakon ya bi tsawonsa. Daga nan sai ya cuɗa shi da farin ƙwai da sitacin masara, wani lokaci da ɗan bekin soda, ya bar shi kamar rabin awa, sannan ya jefa a kasko mai zurfi da ya riga ya yi zafi ƙwarai. Rabin aikin wuƙa ce ta yi shi kafin a kai ga wuta. A Indiya da Pakistan kindirmo suke jiƙa nama da shi, su haɗa da citta da niƙaƙƙiyar ɗanyar gwanda, kafin su gasa a tanderu. Mutanen Maroko kuwa hanyarsu ta fi kusa da tamu, domin a tukunyar ƙasa mai dogon murfi suke ɗora nama kan garwashi kaɗan, su bar shi awanni yana dahuwa da tururinsa. Kowace al'umma ta tsara girkinta ne gwargwadon dabbar da take yankawa da makamashin da take da shi.

Mu abin da ke zuwa mahautarmu galibi guzuma ce, ko san da ya yi shekaru yana huɗa da jan amalanke, ko shanun da suka sha tafiyar kiwo tsakaninmu da Nijar. Irin wannan nama cike yake da jijiya, ita kuma jijiya ba ta narkewa sai da ruwa, zafi da lokaci. Idan kika yi masa suyar minti biyar za ki samu abin da ya fi fatar takalmi tauri. Shi ya sa iyayenmu suka tsaya kan farfesu, dambun nama da miya mai daɗewa a wuta, kuma wannan ba ci baya ba ne, sanin nama ne. Ko kaza ma haka take: ta gidan gona ana yanka ta tana da sati 6 zuwa 8, ta Hausa kuwa sai ta yi watanni tana yawon tsince-tsince a tsakar gida, don haka ba za su dahu lokaci ɗaya ba.

To, mu koma kan farasitamol, domin wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk taron da na yi da mata masu sayar da abinci sai wata ta tashi ta faɗe ta da ƙarfin gwiwa, kamar wani ilimi ne da aka gada. Babu ƙasar da wannan yake cikin al'adar girkinta. Gwanda da abarba suna da sinadarin da ke tsinka zaren nama, wannan sananne ne, amma farasitamol magani ne na rage zafin jiki da ciwo, ba shi da irin wannan sinadari. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba sa jefa ƙwayar sai naman ya riga ya yi awa guda ko fiye yana tafasa, an gaji da jira, sannan idan ya yi laushi bayan rabin awa sai a ba ƙwaya ladan aikin da wuta ta yi.

Ko da a ce yana aiki, dubi abin da ake zubawa. Babban mutum mai ƙoshin lafiya bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a rarrabe, shi kuwa yaro da nauyin jikinsa ake auna masa. Mai jefa kati guda ko biyu a tukunya ba ta san nawa ya shiga kwanon wane ba. Cikin masu cin abincinta akwai direban da ya sha ƙwaya biyu da safe saboda ciwon kai, akwai mai ciwon hanta da bai san yana da shi ba, akwai mai juna biyu, akwai almajirin da za a ba ragowar romo, wanda a cikinsa maganin ya narke. Ƙari kan haka, idan farasitamol ya daɗe a ruwan zafi wani ɓangarensa yakan rikiɗe ya zama wani sinadari mai cutar da ƙoda. Mafi muni shi ne yawansa ba ya nuna illa nan take: ana iya yin kwana ɗaya da ɗan tashin zuciya kawai, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya, a ce shawara ce, a nufi mai jiƙe-jiƙe a bakin kasuwa ya ƙara wa hantar da ta jigata wani nauyin. Babu wanda zai tuna da farfesun tasha.

Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta yi gargaɗi kan wannan ɗabi'a, amma sanarwa a rediyo ba ta leƙa cikin tukunya, kuma abin takaici ne yadda duba-gari suka fi zuwa da rasit fiye da zuwa da tambayar abin da ake dafawa. Su ma masu kemis da ke miƙa wa mai abinci kati biyar kullum da asuba ba tare da tambaya ba, suna da nasu kason. Mun san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Wancan jiƙaƙƙen hatsi ne kawai aka ɓoye, ina ga magani a abincin wanda ya ba ki kuɗinsa da amanarsa?

Matsalarki ta makamashi gaskiya ce, kuma tana da mafita. Ki rage girman yanka, ki datse shi a gicciye. Ki goga ɗanyar gwanda kamar cokali biyu a kilo guda, ki cuɗa, ki bari awa ɗaya zuwa biyu a wuri mai sanyi, kada ya kwana domin zai dagargaje. Ki rufe tukunya da murfi mai kamawa, kuma da zarar ta tafasa ki janye itace, saboda ruwa ba ya ƙara zafi don an ƙara masa wuta, tururi kawai yake zama ya tafi da kuɗinki. Ganda da ƙafar sa ki jiƙa su, ki dafa su daban, da ɗan ƙanƙanin kanwa idan ya zama dole, amma yawanta yana ɓata ɗanɗano kuma yana lalata wasu sinadaran gina jiki. Idan kina cikin adashe, kwasarki ta gaba ki sayi tukunya mai kulle tururi, irin wadda gidaje da yawa a Indiya ke amfani da ita. Zafinta yana kaiwa wajen digiri 120, don haka naman awa uku zai dahu cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, sai dai kada ki cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, kuma kada ki buɗe sai tururin ya gama fita.

Maƙwabciyarki kuwa ki same ta ku biyu, ba a gaban masu saye ba. Ku raba ganda ɗaya gida biyu, ku ɗora a wuta iri ɗaya, ɗaya da ƙwayar ɗaya babu, ta gani da idonta, sannan ku haƙa rami ku binne mai maganin, kada a ba ko kare.